Gadar Kani Rash

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Mutanen dutse, mayaƙan Kurdawan da ke zaune a kan duwatsu, sun iso. Motocin kaya huɗu, maza da mata kusan rabi da rabi, kowa da bindigarsa da 'yar jakarsa. Muna zaune a inuwar rumbun alkama muna kallon su suna dira. Ba wanda ya tashi.

Zirak, direbana, ya taɓa ni da gwiwar hannu. Kak yake ce mini, wato Yaya. "Kak Nawzad, ga masu masaukinka sun zo biyan ziyara."

Ban yi dariya ba. Shekara goma sha bakwai ke nan da suka kama ni a yaƙin 'yan'uwa, lokacin da Bakurde ke harbin Bakurde a kan wane ne zai riƙe wane kwari. Wata huɗu na yi a kogonsu. A can na koyi karin harshensu, shi ya sa Kanar ya kira ni yau ya ce ni zan tsaya tsakani. Mu muna da motoci da manyan bindigogi, su suna da ƙafa. Masu baƙar tuta, abokan gābarmu mu duka, suna tafiyar minti arba'in daga birnin Hawler, inda matata da 'ya'yana suke. Kanar ya ce tsohon zance a ajiye shi sai an ga bayan wannan.

Na ce ya nemi wani. Ya ce babu wani.

Alhamis, bayan la'asar

Shugabarsu mace ce, Heval Binafsh. Haka suke kiran juna, heval, wato aboki, babba da yaro, babu mai muƙami. Za ta kai arba'in da biyar, furfura ta fara, yatsu biyu na hannun hagu babu. Ta gaishe ni da hannu kamar namiji.

Ta ce Kani Rash za a fara ƙwatowa, don wanda ya riƙe gadar ƙauyen shi ya riƙe hanya. Wa ya san wurin?

Kanar ya nuna ni. Wata uku na yi a gadar nan da mutum shida da doshka ɗaya, babbar bindiga mai jigida, a bayan mota.

Na zana mata a ƙasa da tsinke. Ga gada ta yamma, ga titi ya ratsa ƙauyen, ga masallaci, ga makaranta, ga magudanar ruwa ta gabas. Ta tsuguna tana tambaya ɗaya bayan ɗaya, tsayin katanga, wane gida ne mai bene. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ranar Lahadi awa nawa kuka riƙe gadar?"

Na ce, "Har umarni ya zo."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba. Zirak yana tsaye a bayana, na ji ya tafi duba taya.

Juma'a, 8 ga Agusta, azahar

Ban je masallaci ba. Na ce cikina ne.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Yau aka fara cin abinci tare, shinkafa da miyar wake. A wurinsu maza ke girki kamar mata, kuma mai tukunyar yau wani dogo ne mai gashin baki, Heval Chiya. Zirak bai iya barin baki ya huta ba.

"Heval, wallahi da na san haka kuke da na aure ka tuntuni. Tawa shekara ashirin ba ta iya wake haka ba."

Chiya ya dubi tumbin Zirak ya ce, "Kak, wannan ba aikin macen da ba ta iya girki ba ne. Da shi kake gudu, ko ajiye shi kake yi a mota?"

Kowa ya yi dariya, har 'yan matansu. Kalmar gudu ce kawai ta tsaya mini. Na san ba da ni yake ba. Na ajiye cokali.

Oba-obarmu da tasu ba sa jin juna. An yi ta murɗe-murɗe, a ƙarshe Binafsh ta ba ni ɗaya daga cikin nasu na rataya kusa da tawa. Yanzu ina yawo da biyu a ƙirji. An kuma ɓata awa guda a kan tutar wa za a kafa in an shiga Kani Rash. Binafsh ta ce a fara shiga tukuna.

Shilan, matata, ta kira. Maƙwabta sun loda kaya sun nufi arewa, ita tana tambaya ko su ma su tafi. Shekara ashirin da shida tana tambayata ina ba ta amsa. Yau na buɗe baki in ce zauna, muna nan, sai maganar ta ƙi fita. Na ce ta tambayi yayanta.

Ta ce, "Nawzad, lafiyarka?"

Na ce zafi ne.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Mako guda.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Mamosta Sabri ya zo. Malamin lissafi ne a birni, ɗan Mam Khidir na Kani Rash. Ya zo da tsohuwar bindigar farauta da takalmin zuwa aji, yana so a sa shi cikin masu shiga.

Gidan Mam Khidir shi ne na farko in ka baro gada. Tsoho ne mai tumaki, matarsa Pura Nazdar tana kwance da ciwon suga, ƙafafunta ba sa ɗaukar ta. Duk wata ukun nan daga tanderunsu muke cin gurasa.

Na hango Sabri tun daga nesa na shige bayan mota, amma ya gan ni. Ya rungume ni ya sumbaci kafaɗata. Ya ce ya ji labari, an ce mun tsaya har umarni ya zo, Allah ya saka. Ya ce ranar Asabar, kwana guda kafin mu bar gadar, ya je da mota zai kwashe su, uban ya ƙi. Wai Kak Nawzad ya ce a zauna.

"Ba laifinka ba ne, Kak. Kai ma ba ka san za a janye ku ba."

Ya tambaye ni ko na gan su da safiyar Lahadin. Na ce ban gan su ba.

Wayar uban a kashe take tun ranar. Waɗanda suka tsere sun ce kusan mutum talatin ba su fito ba, yawanci tsofaffi, da wasu maza da suka tsaya saboda dabbobi.

Binafsh ta karɓe bindigar farautar ta ba shi jakar magani. Ta ce ya bi bayan masu ɗauko waɗanda suka ji rauni.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Zirak ya same ni ina goge doshka. Ya tsaya a gefena.

"Malamin nan jiya ya kawo mini sigari. Kwali guda. Ya ce na gode."

Na ce to ya sha.

"Ba na iya sha, Kak."

Na ce umarni ne ya zo.

Ya dube ni. Shekara tara muna mota ɗaya, bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Ya ce, "Ni ma ina wurin fa. Ni kake gaya wa?" Ya ajiye kwalin a kan akwatin harsashi ya tafi.

Sauran biyar ɗin an rarraba su wasu wurare. Ba wanda ya kira ni a cikinsu, ni ma ban kira kowa ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Gobe ne. Na rubuta wa Shilan takarda na yage.

Alhamis, 14 ga Agusta, gab da magariba

Ba mu shiga ba.

Mun taso ta gabas da asuba, su a ƙasa, mu a baya da motoci uku. Sun binne nakiya a bakin magudanar ruwa. Motar gaba ta taka, mutum huɗu namu suka zube a fili, ana harbin su daga benen makaranta. Ni ina kan tudu ina ba da wuta, amma nisan ya yi yawa, katangar kawai nake ci.

Na ji Binafsh a oba-oba tana cewa a janye. Na ji Chiya ya amsa mata, muryarsa kamar mai tambayar gishiri, ya ce akwai mutanen Kak Nawzad huɗu a ƙasa, zai ɗan tsaya. Ta ce minti goma. Ya yi arba'in, shi da wata yarinya mai suna Heval Rojda, suna kwance a cikin magudanar suna jawo wutar kansu. Sabri da wasu biyu suka ja namu ɗaya bayan ɗaya. Uku suna da rai.

Rojda ta dawo da gawar Chiya a bayanta. Ya fi ta tsawo nesa, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Ko sunayen mutanen huɗun bai sani ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya

Sun naɗe shi a tutarsu za su kai shi dutse. Shekara ashirin da suka wuce da na ga tutar nan sai na harba. Yau Kanar ya ce mu jeru, muka jeru, muka sara masa. Zirak ya yi kuka a fili, bai ɓoye ba. Ya ce wa Rojda, "Ban ma gaya masa waken ya yi gishiri ba." Ta yi dariya tana share ido.

Binafsh ta yi magana gajeriya. Ta ce jiya ba a tambayi kowa jam'iyyarsa ba a cikin magudana.

Bayan an watse ta zo ta ce mini wutar da na ba su ta taimaka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 17 ga Agusta, azahar

Mako biyu. Sabri ya zauna kusa da ni da kankana, ya yanka ya miƙo mini. Yana lissafin allurar uwarsa, kwalba nawa ya bar musu, kwana nawa za ta kai in babu wutar firji. Ya lissafa sau uku, amsa ɗaya yake samu.

Na ci kankanar.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

An kawo mana ƙarin igwa biyu. Binafsh ta canja shiri: su za su zagaya ta cikin gonakin alkama da aka girbe su faɗo ta yamma, ta gadar kanta, mu mu riƙe hankalin masu baƙar tuta ta gabas. Ta sake sa ni na zana gadar. Ina buhunan yashi, ina muke ajiye mota. Na nuna mata duka.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Kani Rash tana hannunmu tun ƙarfe tara. Mun rasa biyu, mutanen dutse sun rasa uku. Ba a kafa tutar kowa ba, ba wanda ya tuna.

Abin da ke bayan makaranta ba zan rubuta shi ba. Goma sha ɗaya ne. Na san tara da suna.

Binafsh ta kira ni gada. Na same ta tsaye a tsohon wurinmu, buhunan yashi suna nan yadda muka bar su, har butar shayinmu tana kife. Tana ta duba ƙasa, tana ture ƙasar da takalmi. Ta ce in sa motata a nan zuwa gobe.

Daga nan na ji muryar Sabri a gidan farko.

Mam Khidir yana da rai. Sun kwashe tumakin, sun doke shi a kunne, suka bar shi don sun ga ba shi da amfani. Ya rame har wandon ba ya zama sai da igiya. Pura Nazdar ta rasu a kwana na tara. Shi kaɗai ya wanke ta, ya yi mata rami da fartanya a gindin ɓauren tsakar gida, kwana biyu yana haƙa.

Na tsaya a ƙofa. Sabri yana durƙushe a kan tudun ƙasar. Tsohon ya ɗago ya gan ni. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mai da kansa ga ɗansa.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

An mai da Pura Nazdar maƙabarta tare da sauran. Waɗanda suka tsere sun fara dawowa, mutanen dutse da namu duk sun zo. Shebur uku ne, kowa ya zuba kaɗan ya ajiye a ƙasa, na baya ya ɗauka. Kanar ya zuba. Rojda ta tsaya daga nesa tare da sauran matan. Zirak ya zuba ya ajiye, na sunkuya zan ɗauka.

Mam Khidir ya ɗora ƙafarsa a kan shebur ɗin.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai dai a'a, Nawzad."

Na miƙe na koma baya. Mutum uku ko huɗu ne suka ji. Sabri yana cikinsu.

Ya biyo ni bayan addu'a har bakin katanga. Ya ce in yi haƙuri, tsufa ne da baƙin ciki, uban bai san abin da yake faɗa ba.

Na ce ya sani.

Zan rubuta a nan yadda na faɗa masa, don ban taɓa faɗa ba ko a zuciyata. Ranar Lahadi, uku ga wata, gari ya fara wayewa muka hango motoci a kan hanyar yamma. Na ƙirga sha takwas na daina. Na kira a oba-oba, shiru. Ɗan baffana ya bugo waya ya ce na kudu da mu sun tashi, me nake jira. Ba kwamandana ba ne, mai sayar da taya ne a Hawler. Babu umarnin da ya zo. Umarnin da nake da shi shi ne in riƙe gadar har mutanen ƙauye su fita. Na ce wa Zirak juya. Ko harsashi ɗaya ba mu harba ba. Muka bi ta tsakiyar ƙauyen da gudu. Mam Khidir yana ƙofar gida, ya ɗaga mini hannu. Na gan shi. Ban ce a tsaya ba. Ban ce a danna ham ba ma, don mutane su farka. Waɗanda suka tsira, ƙarar motarmu ce ta tashe su.

Sabri ya saurara har ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar.

Ya ce, "A bayan motar akwai wuri?"

Na ce akwai.

Ya gyaɗa kai kamar ɗalibi ya ba shi amsar da yake tsammani. Ya koma wurin ubansa ya riƙe masa hannu suka tafi gida.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na je wurin Kanar na faɗa masa. Na ajiye bindigata a kan teburinsa. Ya ce za a rubuta, kuma za a zauna a kaina in an gama, ba zai rufe ba. Amma yau mutum biyu gare shi da suka iya doshka, ɗayan yana asibiti. Ya turo mini bindigar.

Na so a ɗaure ni. Har na shirya abin da zan gaya wa Shilan.

Juma'a, bayan azahar

Na sami Binafsh tana ɗinke jakarta. Na fara magana ta tsayar da ni.

"Na sani tun shekaranjiya, Kak Nawzad. Kwanson doshka ya kai tsawon tafin hannu, ba ya ɓacewa a ƙasa. Ban ga ko ɗaya ba a gadar."

Na ce to me ya sa ba ta ce komai ba.

"Ba ni ka yi wa ba."

Na ce Chiya fa. Da mun riƙe gadar da ba a yi ranar Alhamis ba.

Ta ciji zaren ta tsinke. Ta ce wataƙila. Ta ce wataƙila kuma da ku bakwai kuna bayan makaranta tare da sauran, ita ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mini lissafin ba. Ta ce ita ma akwai wani kwari da ba ta son a ambata, tun lokacin da nake kogonsu, kuma ba ta sami wanda ya sauke mata shi ba har yau.

Sannan ta ce jibi za a tura gaba zuwa ƙauye na gaba. Mutanenta ashirin za su ratsa fili, ba abin da zai kare hagunsu sai motata.

"Ba ni da wata motar. Abu ɗaya nake so. In ka ji za ka juya, ka faɗa mini a oba-oba kafin ka juya. Ba zan hana ka ba. In sani kawai, in kwantar da yarana."

Na ce ba zan juya ba.

Ta ce, "Ban tambaye ka wannan ba."

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Na gaya wa Shilan a waya. Ta tambayi sunan matar, na faɗa. Ta ce za ta yi mata sadaka. Ba ta ce in kula da kaina ba, kamar yadda take rufe kowace waya.

Zirak ya wanke mota ya cika tanki. Ya fara yi mini magana kuma, kaɗan kaɗan.

Sabri ya zauna a Kani Rash da ubansa. Ya aiko an mayar wa Binafsh da jakar magani.

Lahadi, 24 ga Agusta, gab da magariba

Awa shida a hagu. Gilashin gaba ya tafi, an sami Zirak a cinya amma ya ƙi barin sitiyari, ya ɗaure da rawaninsa yana zagin uwar duk wanda ya ƙera hanyar. Bakin doshka ya yi ja sau biyu, muka zuba masa ruwan shanmu. Mutanen Binafsh sun ratsa filin, ashirin suka shiga, sha tara suka fito da ƙafarsu.

Motoci huɗu ne a layin, tawa kaɗai a hagu, kowacce da oba-obar Binafsh. Ina jin kowace magana da ta yi yau.

"Kak Nawzad, kana nan?"

"Ina nan, heval."

Sau goma sha ɗaya. Ba ta tambayi kowa ba sai ni.